Ɗinkin Ƙarfe a Karlskrona

Shekara ashirin da shida ke nan ina ɗinkin ƙarfe
a Karlskrona, gaɓar tekun Baltik,
inda sanyi ke cizon yatsa ta cikin safar hannu.
Gunvor sunana. Wuta ce allurata,
rigar da nake ɗinkawa kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce:
kusan su talatin ke shiga, a ja murfi,
ruwa ya rufe kansu.

Tun ina sabon hannu tsoho Evert ya ce mini,
"Teku ba ta da abin kamawa a jikin da'ira.
Ba ta kusurwa ɗaya, ta sami wurin kafa haƙori."
Shi ya sa muke lanƙwasa ƙarfe kamar gora,
haƙarƙari bayan haƙarƙari,
a ɗauki hoton kowane ɗinki har cikin ɓargonsa,
don kumfar da ba ta kai ƙwayar gero ba
tana iya zama ƙofa.

Ina jin labarin na wasu ƙasashe,
ƙatta, masu wutar nukiliya a ciki,
su tatsi numfashi daga ruwan gishiri,
sai abinci ya ƙare su tuna da gida.
Namu ƙarami ne. Taƙamarsa shiru:
inji a kan matashin roba,
farfelar da ake lulluɓewa da tamfol in an fito da shi tudu,
kada ido ya ƙirga fikafikanta ya gane muryarta.
Ya sha ruwa ya nitse, ya hura iska ya taso,
ko ya yi likimo a ƙasa har makonni.

Abin da ke cikin hancinsa, wa za a aika wa?
Na tambaya sau biyu, a zuci,
sai na sauke gilashin fuska na ci gaba.

Sai ga Torkel, autana,
wanda faɗuwar cokali ke tashinsa daga barci,
ya shigo kicin da takarda:
an ɗauke shi mai sauraro.
Zai zauna da na'ura a kunne
ya rarrabe gurnanin jirgin kaya da motsin garken kifi,
ya san baƙo tun baƙo bai san da shi ba.
Na tambayi sunan jirgin. Ya faɗa.
Shayi ya huce a hannuna.

Na san jirgin nan tun yana tsirara.
Akwai wani ɗinki a haƙarƙari na sha ɗaya, ta hagu,
na yi shi ran Alhamis, kwana huɗu da binne ubansa,
hawaye na taruwa cikin gilashi.
Hoto ya ce lafiya lau. Mai dubawa ya sa hannu.
Amma hoto bai san Alhamis ɗin nan ba.

Ya taɓa ba ni labari yana dariya:
sukan ɗaura zare daga bango zuwa bango, ya miƙe tam,
in sun yi ƙasa sai zaren ya saki ciki,
teku ce ke matse su a tafinta.
Ni ban yi dariya ba.

In ya tafi, ba waya, ba wasiƙa.
Da hannuna na gina shirun da ke hana ni barci.
Nakan bi ɗinkin nan da tunani cikin dare,
inci bayan inci, ina neman kumfa.

Jiya ya dawo, bayan kwana goma sha tara,
rigarsa na warin man inji,
yana ƙifta ido a hasken rana kamar jinjiri.
Na ce, "Me ka ji a can?"
Ya ce, "Ba a faɗa, Mama."
Ya ci dankali, ya ƙara, ya share baki, sannan:
"Gadona yana jikin bangon hagu.
Nakan kara kunne kafin in yi barci.
Ƙarfen ba ya cewa komai."

Yau na riga kowa zuwa aiki.
Na sa safar hannu. Na kunna wuta.